Tsakanin Rijiya Biyu

A shekarar da aka yanke layin waya a Zamfara, ni ce na fi kowa zaman banza a gidanmu na Damba da ke Gusau. An rufe makarantar da nake koyarwa tare da sauran makarantu, an hana cin kasuwannin mako, wayar da nake tinƙaho da ita ta koma tocila da agogo. Kullum sai na fita tsakar gida na ɗaga ta sama ko sabis zai leƙo, alhali na san ba zai leƙo ba. Abu ɗaya ne ya rage a cikinta mai motsi, wani wasa da wata abokiyar aikina 'yar Bunguɗu ta tura mini daga wayarta ana saura 'yan kwanaki a sallame mu. Ranar da ta tura ma sai da na yi mata tsiya, na ce ni da littattafan yara ke jirana ina na ga lokacin wasan yara. Ta ce in dai ajiye, ba ya cin data, ba ruwansa da sabis. Na ajiye na manta da shi, sai da zaman ya ishe ni na tuna.

In ka ga wasan sai ka rantse daga zamanin talabijin mai baƙi da fari aka tono shi, ko da yake an ce sabo ne, da gangan aka yi shi haka. Komai na cikinsa 'yan gidaje ne masu kusurwa huɗu, kamar zanen hula kafin a cike shi da zare. Mutumin da kake korawa bai fi ƙwayar wake ba, idanunsa ɗigo biyu. Labarin wani manomi ne da dodo ya sace wa garinsu ruwan sama ya kulle a tulu a bayan duwatsu, aka tashe shi ya je ya karɓo. Wani tsoho mai sanda yana biye da shi duk inda ya sa ƙafa. A hanya ba sa sauri. Ko ka danne gilashin har yatsanka ya yi fari, taku ɗaya-ɗaya za su yi, maganarsu kuma harafi-harafi take fitowa da Turanci, ba damar tsallakewa. Ranar farko sau biyu ina kifa wayar a kan katifa don haushi.

Baba ya fi ni jin jiki da zaman nan, shi dai ba ya faɗa ne. Damina biyu ke nan da muka kwaso shi da Inna daga ƙauyenmu da ke can cikin daji ta gefen Tsafe, bayan 'yan bindiga sun fara shiga ƙauyukan da ke kewaye da mu. Mutumin da ya saba gane lokaci da inuwar rumbu, sai ga shi a tabarma a ƙofar ɗaki yana kallon katangar bulo. Gonar dai bai sake ta ba. Da damina yakan faki idonmu ya tafi kwana biyu, ya sauka a Tsafe wurin Kawu, ƙanen Inna, wanda gonarsa ke jikin tamu, su shiga da sassafe su fito kafin azahar. Haka suka yi shuka, haka suka yi noma da maimai. Kawu yana ɗingishi tun faɗuwar da ya yi daga amalanke yana saurayi, ga shi da surutu, Baba kuwa ba ya gajiya da tsokanarsa da waɗannan biyun.

Wata rana da hantsi ina zaune kusa da tabarmarsa, siririn kiɗan wasan yana tashi, sai ya juyo.

"Ke, mi ka kuka nan awa gyare?"

"Wasa ne, Baba."

"Wasa. Malama guda da wasa." Ya yi tsaki, amma ya miƙo wuya. "Wanga ɗan mutum, mi ag ga hannunai?"

"Hauya ce."

"Ashe manomi na. Ina za shi?"

Na ba shi labarin dodo da tulu. Ya sosa gemu, sannan ya ce, "In ruwa anka sace, ai dole shi tahi. Matso nan."

Daga ranar na zama tafinta. Ni ke karanta Turancin ina juya masa, shi ke ba da umarni. Ba a yi mako ba ya karɓe wayar daga hannuna. Babban yatsansa faffaɗa ne, duk kanta da tsaga, a wani wasan da ko minti ɗaya ba zai yi ba. Wannan kuwa ya jira shi. Nan na fara gane cewa abin da nake zagi shi ne ƙarfin wasan: ba ya korar kowa. Za ka iya tsayawa a gaban bukka ka duba ta son ranka. Kowane mutum na cikin garuruwan yana da 'yar maganarsa, wata tana kukan akuyarta ta ɓata, wani yana zagin maƙwabcinsa kan iyakar gona, Baba kuma sai ya saurari kowa, har ya yanke hukunci. Gonakin cikin wasan sun bushe, an zana su da ruwan ƙasa da tsagewa, yakan tsaya a kansu ya daɗe. In na ce mu wuce, tafiyar nan ta yi nawa, sai ya harare ni.

"Ke da ba ki taɓa ɗauko buhu bisa kai daga gona zuwa Tsafe ba, mi kinka sani ga tahiya? Bar shi shi taka yadda shika iyawa."

Tsohon nan mai sanda kuwa, tun rana ta biyu Baba ya raɗa masa suna. Duk inda aka tsaya sai tsohon ya ɓarke da dogon bayani, harafi-harafi, kan tarihin dutse ko amfanin wani ganye, kuma a zanen yana ɗan jan ƙafa. Baba ya yi dariya har da tari, ya ƙwala wa Inna kira daga madafi. "Zo ki ga ƙanenki, wallahi har da ƙahwar!" Inna ta leƙo ta taɓe baki ta ce Allah ya shirye mu, tsoho da 'yarsa. Shi ke nan tsohon ya zama Kawu.

Akwai ƙa'idar da ni ta dame ni, shi ta yi masa daidai. Wasan ba ya riƙe inda ka kai sai a bakin rijiya. Kowane gari yana da rijiya ɗaya, in ka tsaya ka ja ruwa, ya shaida ka iso nan. In kana tsakanin gari da gari aka kashe ka, ko wayar ta mutu, ka koma rijiyar baya, duk tafiyar da ka yi da abin da ka tsinta a hanya sun tafi a banza. Rijiyoyin kuma suna da nisa da juna fiye da kima, dajin da ke tsakani duk iri ɗaya, bishiya ɗaya ce aka yi ta maimaitawa, ba taswira, ba mai gaya maka saura nawa. Ni ina ganin wannan mugunta ce kawai ta masu yin wasan. Baba ya ce ai haka hanya take, wanda bai iso gari ba bai iso ba.

Abin da ya kasa yafe wa wasan shi ne faɗa. Kana tafiya cikin ciyawa, babu kowa gaba, babu kowa baya, sai gilashin ya yi walƙiya, kiɗan ya sauya, ga kuraye uku ko wasu masu rawani baƙi tsaye a gabanka. Daga ina? Oho. Kuma da sun fito sai su tsaya cak, su jira ka zaɓi ɗaya cikin huɗu: ka kai sara, ka kare kanka, ka sha magani, ko ka gudu. Kana iya tashi ka yi alwala ka yi salla ka dawo, suna nan suna jiranka.

"Wane ɗan hwashi ka tsayawa sai ka gama shawara?" in ji Baba. "Kuma ƙarya na. Daji ba shi yin haka. Babu abin da ka hitowa babu alama. Wanda yay yi wanga abu bai taɓa kwana ga daji ba."

Na tambaye shi wace alama. Ya shiga lissafa mini da yatsu: tsuntsaye su yi tsit ko su tashi gaba ɗaya, sawun babura da yawa a kan raɓa, hayaƙi inda babu gida, mata su ƙi fitowa itace, kare ya ƙi bin ka. Ya ce mai ido ba a yi masa ba-zata a dajin da aka haife shi. Zaɓi na huɗun nan kuwa, gudu, ko sau ɗaya bai taɓa shi ba. Ko jinin manomin ya kusa ƙarewa na ce Baba mu gudu, sai ya ce a gaban Kawu? Ya gwammace a kashe su su koma rijiya su sake tafiyar yini guda. Na sha yin fushi da shi kan wannan, don ni ke karanta surutun tsohon nan karo na biyu.

Lokacin da layi ya yanke, mutane sun koma aika wasiƙa kamar da. Ka rubuta, ka kai tasha, ka ba direban da ka sani. Ta haka wasiƙar Kawu ta iso mana wata Lahadi, a ninke a cikin leda, wani direban Tsafe ya kawo har ƙofar gida. Ni na karanta. Bayan gaisuwa mai tsawo irin tasa, ya ce gero ya nuna, tsuntsaye sun sauka a kai, in aka ƙara mako guda sai dai a je a kwaso kara. Ya ce wajen kwana goma ke nan ba a ji motsin komai ta gefenmu ba, mutane suna shiga yanka da safe.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ni kuwa na buɗe baki, kuma ban iya buɗe baki kaɗan ba. Na ce shirun kwana goma ba lafiya ba ne. Na ce babu waya, in wani abu ya faru wa zai gaya wa wa? Na ce gero nawa ne da za a kai rai saboda shi, albashina yana ciyar da mu. Wannan ta ƙarshen ita ce kuskurena, na ga yadda fuskarsa ta rufe. Maimakon in yi shiru sai na ƙara da wauta, na nuna wayar na ce ko wasan nan da yake rainawa ya fi shi gaskiya, abin yana fitowa ne babu sallama.

"Da wasa za ki koya mini daji?" Bai ɗaga murya ba. "Ni nis shuka geron ga. Ba ni barin shi ga tsuntsu. In na ga abin da bai yi mini ba, ni juyo. Ina da ido."

Da la'asar ɗin, kamar ba mu yi ba, ya ce in kawo wayar. Mun baro rijiya ta uku tun shekaranjiya, muna cikin wani dogon kurmi mai duhu, mun tsinci wata fitila da tsohon ya ce da ita ake shiga kogon dodo. Muka yi ta tafiya, ba gari, ba alamar gari. Aka kira magariba suna tsakiyar wata siririyar hanya, bishiyoyi hagu da dama. Ya miƙo mini ya tafi masallaci.

Washegari Litinin, bayan ya karya, ya ɗauki lauje da buhuna ya naɗe, ya tsaya a zaure.

"Mutanena, ki bar su inda suke. Kar ki taɓa."

"Baba, ba su kai rijiya ba. In wayar ta mutu, sun koma baya, fitilar ma ta tafi."

"To ki tsare su. Jibi ina nan, mu ƙarasa."

Haushinsa nake ji har lokacin, don haka ban raka shi bakin titi ba. Na ce Allah ya tsare daga inda nake tsaye. Wannan abin yana ci na har yau.

A wasan, abin ba ya fitowa sai ka ɗaga ƙafa. In kana tsaye wuri ɗaya, babu abin da zai same ka ko shekara za ka yi. Sai na bar su tsaye. Na rage hasken gilashin, na kashe kiɗan, na daina kunna tocila, ban ƙara buɗe komai a wayar ba don tsoron kada ta rufe wasan da kanta. Lokaci-lokaci in danna in duba. Manomin yana nan da hauyarsa, yana ɗan motsa kafaɗa kamar mai numfashi, tsohon yana bayansa taku ɗaya.

Laraba ta zo ta wuce. Inna ta zuba tuwonsa a kwano ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama mana shi. Alhamis ma haka. Ban san ranar da abin ya juye a kaina ba, amma zuwa Alhamis ɗin na daina tsare wayar don fitila. Na sa a raina cewa muddin mutanen nan biyu suna tsaye a hanyar nan, Baba da Kawu suna tsaye a wani wuri. Na san camfi ne. Ni da nake koya wa yara cewa babu mai rayawa da kashewa sai Allah, in idar da salla in yi istigfari, in shafa addu'a, hannuna ya wuce kai tsaye ƙarƙashin filo. Da da hankali nake aiki ma, ai mutuwar wayar alheri ce gare su, gari za su koma. Amma ya ce in bar su inda suke, kuma ita ce magana ta ƙarshe da ya bar mini.

Ranar Alhamis ɗin na je tasha. Motocin Tsafe sun ragu, waɗanda ke nan ma ba sa kiran fasinja da ƙarfi kamar yadda suka saba. Na sami direban da ya kawo wasiƙa yana tsugune yana duba tayarsa. Na gaishe shi na tambaye shi ko ya ga Baba da Kawu.

"Malama, ni iyakata cikin gari. Ban gane su ba." Bai ɗago ba. "An dai ce an shiga wani wuri jiya. Wa yas san ina? Kowa da abin da shika hwaɗi."

Muna cikin haka wata babbar mota ta shigo daga wajen Tsafe, cike da mutane a saman kaya: tabarmi, tukwane, katifa, awaki a ɗaure. Mata da yara sun fi yawa. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne babu mai magana a cikinsu, ko yaran ba sa kuka. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ban san kowa ba. Na so in tambayi daga wane ƙauye suke, bakina ya ƙi, don ina tsoron amsar.

Wuta kuma ta zaɓi makon nan ta ɗauke. Masu caji na bakin titi sun rufe, saboda an hana sayar da mai a jarka, janareto ba abin da zai sha. Wata Hajiya a layinmu tana da sola a kan rufinta, can na koma. Wasu sukan bar wayoyinsu su tafi, ni kuwa in zauna a dakalin tsakar gidanta in tasa tawa a gaba, don na ga yadda take kashe wayoyin mutane wai sun fi saurin cika. Ta ɗauka saƙo nake jira. Ta ce, "Ɗiyata, ai babu sabis." Na ce na sani, Hajiya. Ranar Juma'a hadarin ƙarshen damina ya rufe rana tun safe, solar ta ƙi ja, na dawo gida da jan layi a kusurwar gilashi. Na zauna a ƙofar ɗaki na riƙe ta da hannu biyu ina jin haushin kowa: masu wasan da suka nisanta rijiya, masu yanke layi, tsuntsayen da suka sauka a gero, da tsohon da ba ya jin magana.

Inna tana tsince shinkafa a faranti. Duk kwanakin nan ba ta taɓa tambayata me nake yi da wayar ba, na ɗauka ba ta lura ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Inna."

"Su biyu?"

"Su biyu."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da yamma rana ta ɗan buɗe, na ruga gidan Hajiya da gudu ko mayafi ban gyara ba, na samu wayar ta ɗan farfaɗo.

Asabar bayan la'asar muka ji sallama a zaure, da muryar da sai da na yi tunani kafin na gane ta. Baba ne. Babu hula, babu lauje, babu buhu, ƙafarsa ɗaya a naɗe da tsumma. Na tashi zan tare shi, sai na ga Inna ba shi take kallo ba, bayansa take kallo, ƙofar zaure, ko ƙanenta yana biye. Ya gane. Ya zauna a ƙasa, ba ma a tabarma ba.

"Sun tahi da shi."

Inna ta ce innalillahi, a hankali, ta maimaita, ta shiga ɗaki. Ni na kawo ruwa. Ya sha, ya riƙe kofin, ya yi maganar da ba wanda ya tambaye shi. Ya ce sun yi yankan Talata lafiya. Laraba da safe suka koma don su ƙarasa su ɗaure.

"Tsuntsaye na bisa gero suna ci. Mata sun wuce mu za su itace, har munka gaisa. Na duba hanya, babu sawu. Na duba, wallahi na duba." Ya juya kofin a hannunsa. "Ban ga komi ba."

Daga nan bai ƙara ba, sai gutsi-gutsi a kwanakin da suka biyo: ya kwana a cikin dawar wani, ya bi daji ya ɓullo Tsafe ta wata hanya, ya gaya wa iyalin Kawu, sun yi kwana biyu suna tambaya ba wanda ya san inda aka nufa da mutanen da aka kwasa. Yadda aka yi shi ya tsira, bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ban ce masa na gaya maka ba. Ni da bakina, a karon nan ko a zuci ban faɗa ba. Na so a ce shi ne ya yi gaskiya.

Kwana biyu bayan dawowarsa, da hantsi, yana zaune a tabarmarsa ƙafar a miƙe, ya ce, "Mutanena fa?"

Na kawo wayar. Suna nan inda ya bar su, tsakiyar kurmi. Ya daɗe yana kallo. Na zaci gaba zai yi, sai na ga ya juya manomin ya fuskanci hanyar da suka fito.

"Baba, in baya kake so, sai in kashe wayar in kunna. Da kansu za su koma rijiya."

"A'a. Da ƙahwa munka zo."

Haka ya fara kora su, taku ɗaya-ɗaya, cikin bishiyar nan ɗaya da aka yi ta maimaitawa. Na kashe kiɗan tun tuni, don haka babu abin da ake ji sai tsintsiyar Inna a bayan ɗaki. Na san abin yana nan a cikin ciyawa, ba ya ba da alama. Sun yi nisa kaɗan sai gilashin ya yi walƙiya. Masu baƙin rawani, su huɗu. Suka tsaya suna jira kamar yadda suka saba.

Baba bai yi musu dariya ba. Ya tsai da yatsansa a saman rubutun da ba ya iya karantawa.

"Wane na gudu?"

Na nuna masa na ƙasa. Ya danna. Manomin ya juya, tsohon ya juya, suka fice daga gefen gilashi tare, sai ga su kuma a kan hanya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, taku ɗaya tsakaninsu kamar kullum. Baba ya kai wayar kusa da idonsa ya tabbatar.

"Nan in ka gudu, da shi kaka gudu," ya ce.

Sau biyar abin ya fito musu kafin su fita daga kurmin, sau biyar ya danna na ƙasa, bai ƙara tambayata wanne ne ba. Azahar ta yi, ya yi salla a zaune ya ci gaba. Ana gab da la'asar suka shigo garin. Ya kai su bakin rijiya, na nuna masa inda zai danna, manomin ya ja ruwa, wasan ya shaida sun iso. Ya miƙo mini wayar ya ce yanzu in na so in kashe. Bai ƙara karɓarta ba.

Da aka maido layi a Gusau, Inna ta sa na cika mata tsohuwar wayarta ta rataya ta a wuya a cikin 'yar jaka, don an ce masu ɗaukar mutane sukan kira. Ta yi watanni a haka. Kiran bai zo ba, har yau bai zo ba. Da aka buɗe makarantu kuma, abokiyar aikin nan tawa ta Bunguɗu ta tambaye ni ko na gama wasan. Na ce mun tsaya a kurmi, bayan fitila. Ta yi dariya ta ce kash, ai daga nan rijiya ta gaba ba ta fi taku ashirin ba, kwana ɗaya za ka sha ka gan ta. Ta ce ƙarshen yana da kyau, ruwa yana sauka, gonaki su yi kore. Na ce mata na ji. Ban gaya wa Baba ba.

Na sauya waya tun daga lokacin, amma waccan tana cikin akwatina, nakan ciro ta in yi mata caji. Baba ba ya tambaya. Inna ce, wadda ba ta taɓa danna komai a cikinta ba, wani lokaci in muna zaune mu biyu sai ta ce in kunna mata. In buɗe, su fito a bakin rijiya. Ba ta kallon mai hauyar. Takan sa yatsa kusa da tsohon mai sanda, ba ta taɓa gilashin, ta daɗe a haka, sannan ta ce in kashe kada caji ya ƙare.